Ƙiriniya Ce Ko Larura? Sharhi Kan Yaran Da Ba Sa Iya Zama Wuri Guda



Ƙididdigar shekarar 2022 da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar ta nuna cewa yara miliyan 7 a ƙasar, 'yan shekara 3 zuwa 17, an taɓa shaida wa iyayensu cewa suna ɗauke da larurar da likitoci ke kira ADHD. Wannan ita ce larurar rashin natsuwa da saurin ɗaukewar hankali, wadda ke hana yaro zama wuri guda, ta hana shi bin darasi har ƙarshe, ta sa ya aikata abu kafin ya yi tunani. Miliyan 7 ɗin nan ya kama kashi 11.4 cikin 100, kusan yaro 1 cikin kowane 9. Kuma miliyoyi daga cikinsu suna haɗiyar ƙwaya kowace safiya kafin su tafi makaranta.

Duk wanda ya ji wannan adadi dole ya yi tambaya. Shin cuta ce ta gaske, ko kuwa ƙuruciya ce kawai aka raɗa wa suna don kamfanoni su sayar da magani? Ba 'yan zaman majalisa kaɗai ke wannan gardama ba. A shekarar 2002 wasu masana, ƙarƙashin jagorancin Ba'amurke Russell Barkley, sun fitar da sanarwar haɗin gwiwa cewa larurar tabbatacciya ce, babu sauran ja a kanta. Bayan shekara biyu wani likitan ƙwaƙwalwar yara a Ingila, Sami Timimi, shi da wasu abokan aikinsa, suka mayar musu da martani a rubuce cewa hujjojin ba su kai yadda ake kururuta su ba. Har gobe ba a rufe wannan babi ba.

Ni dai ga inda na tsaya, kuma gara in faɗa tun da wuri. Larurar gaskiya ce, akwai yaran da take wahalar da su ƙwarai. Amma iyakar da ta raba mai larurar da yaro mai ƙiriniya kawai, mutane ne suka zauna suka shata ta, sun kuma sha matsar da ita. Saboda haka ingancin hukuncin da likita zai yanke ya rataya ne kacokan a kan irin binciken da ya yi kafin ya buɗe baki.

Bari mu fara da yadda ake gano ta, domin nan ne tushen rigimar. Idan ana zargin yaro da zazzaɓin cizon sauro, sai a huda ɗan yatsa, a ɗiga jini, cikin 'yan mintuna a ga sakamako. Sikila ma jini ke nuna ta. Wannan larura kuwa ba ta da gwajin jini, ba ta da na fitsari, hoton ƙwaƙwalwa ba ya tabbatar da ita. Babban taron masana da cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka suka kira a 1998 ya amsa da bakinsa cewa babu wani gwaji mai zaman kansa da ke gano ta, kuma har yau maganar na nan yadda take. Abin da likita ke riƙe da shi littafi ne na Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ake kira DSM. A cikinsa an jera alamomi 18, tara na ɗaukewar hankali, tara na rawar kai da gaggawa. Yaron da ake yi wa magana ido cikin ido amma hankalinsa ya riga ya yi gaba. Wanda kullum sai ya ɓatar da fensir ko littafi ko takalmi. Wanda ke fara aiki ya watsar a rabi, ya miƙe daga benci ana tsakiyar darasi, ya cafke amsa tun malam bai gama tambaya ba, ba ya iya jiran layi ya zo kansa.

Na san akwai uwar da ke saurarena yanzu tana cewa, to ai wannan ɗana ake siffantawa! Haka ne, Hajiya, kusan kowane yaro yana yin wasu daga cikin waɗannan. Shi ya sa littafin ya gindaya sharuɗɗa. Sai yaro ya cika aƙalla alamomi 6 cikin 9 a ɓangare ɗaya ko a duka biyun. Sai abin ya ɗauki wata 6 ko fiye. Sai an ga alamun tun kafin ya cika shekara 12. Sai sun bayyana a wuri fiye da ɗaya, ba a aji kaɗai ba, har da gida ko Islamiyya ko wurin wasa. Sai abin ya zarce na sa'o'insa nesa ba kusa ba. Sannan sharaɗin da ya fi kowane nauyi, sai ya zamana yana cutar da rayuwar yaron.

Ku ɗauki misalin yaro ɗan shekara 9 da uwarsa ta aika ya sayo manja da ashana a bakin layi. Kowane yaro zai iya tsayawa kallon ƙwallo ya makara, a yi masa faɗa, gobe ya gyara. Wanda muke magana a kansa kuwa, ya fita da niyyar gaskiya, yana ta maimaita saƙon a bakinsa, kafin ya kai shago ya manta rabi, canjin ma bai san inda ya yar ba. Jiya haka, yau haka, bara ma haka. A filin wasa yara sun daina sa shi a cikinsu don ba ya jiran a miƙo masa ƙwallo. Babur ya sha kusan kwashe shi saboda yana faɗawa titi bai duba ba. Malaminsa ya san yana da kai, domin idan aka zaunar da shi shi kaɗai yana ba da amsa daidai, amma takardar jarrabawarsa rabinta fara ce fat. Da daddare kuma, bayan an gama dukansa, yana kuka yana rantsuwa cewa ya yi ƙoƙari. Wannan yaro yana nan, a Kano yana nan, a Maraɗi yana nan, a Landan ma yana nan. Wanda ya ce babu shi bai zauna da iyayensa ba.

Kuma ba kamfanonin magani suka ƙirƙiro shi ba, domin an rubuta labarinsa tun kafin a san da su. A 1798 wani likita ɗan Sikotilan, Alexander Crichton, ya bayyana mutanen da tun suna ƙanana ba sa iya tsayar da hankali a kan abu ɗaya. A 1902 likitan yara George Still ya gabatar da laccoci a Landan kan yara masu hankali daidai amma ba sa iya kame kansu. Magani kuwa da tsautsayi aka yi karo da shi. A 1937, a wani asibitin yara da ke jihar Rhode Island ta Amurka, likita Charles Bradley yana neman abin da zai sauƙaƙa wa yara ciwon kan da ke biyo bayan wani gwajin ƙwaƙwalwa mai wahala da ake yi a wancan zamani. Ya ba yara 30 wata ƙwaya mai suna Benzedrine, irin mai sa kuzari. Ciwon kai bai tafi ba, amma malamai suka ga abin mamaki: kusan rabin yaran sun natsu, sun duƙufa kan karatu. Maganin da ya fi shahara a yau, Ritalin, a 1944 aka haɗa shi a birnin Basel na Siwizalan, wanda ya haɗa shi kuma ya sa masa sunan matarsa Rita.

To wace hujja kimiyya ke da ita ban da labari? Mafi ƙarfi ita ce ta tagwaye. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, masu kama sak, ƙwayoyin halittarsu iri ɗaya ne. Waɗanda ba sa kama kuwa, kamar wa da ƙani suke. Da masana suka kwatanta dubban tagwaye a ƙasashe daban-daban, sai suka ga idan Hassan yana da larurar, yiwuwar Husaini ma yana da ita ta fi yawa sosai in masu kama sak ne. Da aka tattara binciken, lissafi ya nuna kusan kashi 74 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin yara a wannan hali gado ne ke kawo shi. Wannan adadi ya kusa kamo na gadon tsayi. Binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2023 ya gano wurare 27 da ke da alaƙa da larurar, sai dai kowane ɗayansu tasirinsa ɗan ƙanƙani ne. Babu wata ƙwayar halitta guda da za a nuna a ce ga mai laifi.

Hujja ta biyu ita ce ba cutar Amurkawa ba ce su kaɗai. A 2007 wasu masana ƙarƙashin Guilherme Polanczyk na Burazil suka tattara bincike sama da 100 daga sassan duniya, suka samu cewa kimanin kashi 5.3 cikin 100 na yara ne ke da ita. Suka kuma lura cewa bambancin alƙaluma tsakanin wannan bincike da wancan, yawancinsa daga hanyar da aka bi wajen ƙirga ya taso, ba daga ƙasar da aka yi shi ba. A nan Najeriya ma, binciken da aka yi a makarantun firamare na Ilesa a jihar Osun, wanda shi ma aka wallafa a 2007, ya samu kashi 8.7.

Hujja ta uku ita ta fi tayar mini da hankali. A Denmak, inda gwamnati ke ajiye bayanan lafiyar kowane ɗan ƙasa, an bi diddigin mutane kusan miliyan 2, aka wallafa sakamakon a 2015. Waɗanda aka tabbatar suna da larurar, haɗarin mutuwarsu da wuri ya ninka na sauran jama'a kusan sau biyu, kuma mafi yawan abin da ke kashe su haɗurra ne. Ga wanda ke cewa ai ƙuruciya ce kawai za ta wuce, wannan adadi yana buƙatar amsa.

Maganar ƙwaƙwalwa kuwa a yi hattara da ita, don nan ne ake yawan zuzutawa. Gaskiya ne wani bincike na 2007 a Amurka ya nuna ɓawon ƙwaƙwalwar irin waɗannan yara yana jinkirin nuna da kimanin shekara 3, musamman sashen goshi mai kula da kame kai. Gaskiya ne kuma wani gagarumin bincike na 2017, mai mutane sama da 3,000, ya ga wasu sassan cikin ƙwaƙwalwa sun ɗan fi ƙanƙanta. Amma bambancin sai an tara ɗaruruwan hotuna an yi lissafi yake fitowa. A ajiye wa ƙwararren likita hoton yaro guda, ba zai iya cewa wannan yana da ita ko ba shi da ita ba. Duk wanda ya ce maka zai ɗauki hoton kan ɗanka ya gano wannan larura, kuɗinka yake so.

Yanzu mu juyo ga ɓangaren masu suka, domin suna da gaskiyar da ba a son ji. Natsuwa hali ne da Allah ya raba wa bayinsa hawa-hawa, wani da yawa, wani kaɗan, mafi yawa a tsakiya. Binciken tagwayen nan da kansa ya nuna cewa abin da ke sa mai larurar rashin natsuwa shi ne dai ke sa sauran yara ɗan abin da suke da shi, nasa ne kawai ya yi yawa. Lamarin ya yi kama da hawan jini. Ba wanda ke musun cewa hawan jini na kisa, amma lambar da aka ce daga nan cuta ta fara, kwamiti ne ya yanke ta. A 2017 likitocin zuciya na Amurka suka sauko da ita daga 140 bisa 90 zuwa 130 bisa 80, a rana ɗaya miliyoyin mutanen da suka kwana lafiya suka wayi gari cikin jerin masu hawan jini.

Haka aka yi ta yi da wannan larura. Littafin DSM na 1980 ya ba ta suna da ma'auni, na 1987 ya sauya, na 1994 ya kasa ta gida uku har ya sake shigo da yaran da ba su da rawar kai sam sai ɗaukewar hankali kawai. Na 2013 ya ɗaga shekarun fara ganin alamu daga 7 zuwa 12. Kusan duk gyaran da aka yi, faɗaɗa ƙofa ya yi. Allen Frances, likitan da ya shugabanci kwamitin littafin 1994, daga baya ya fito fili yana cewa aikinsu ya taimaka wajen kumbura adadin fiye da kima. A waɗannan shekaru kuma Turai na amfani da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya wanda ya fi tsauri, shi ya sa yaron da za a ce yana da larurar a Amurka, in an kai shi Ingila a wancan lokaci sai a sallame shi.

Akwai wani bincike da nake so masu sauraro su riƙe, ko da sun manta sauran. A jihohi da yawa na Amurka, doka ta ce yaro ba zai shiga ajin farko ba sai ya cika shekara 5 kafin ranar 1 ga Satumba. Ke nan wanda aka haifa a ƙarshen Agusta shi ne autan aji, wanda aka haifa a farkon Satumba kuma sai ya jira baɗi, ya zama babban aji. Tsakanin auta da babba a aji ɗaya akwai kusan shekara guda cur, kuma shekara guda a wurin ɗan shekara 5 ba ƙaramin abu ba ne. Masana a jami'ar Harvard suka duba bayanan yara sama da 400,000, suka wallafa a 2018. Cikin kowane yara 10,000 haifaffun Agusta, an ce 85 suna da larurar. Cikin haifaffun Satumba, 64. A jihohin da ba sa amfani da wannan rana kuwa, ba a ga irin wannan tazara ba. A lardin British Columbia na Kanada, inda shekarar shiga makaranta ke yankewa a ƙarshen Disamba, sai abin ya koma kan haifaffun Disamba: maza sun fi na Janairu da kashi 30 cikin 100, mata da kashi 70.

Jama'a, watan haihuwa ba ya sa cuta a ƙwaƙwalwa. Abin da ya faru shi ne malama ta dubi ajinta, ta ga wani ya fi kowa motsi, ta cike takarda, likita mai sauri ya sa hannu. Yaron ba shi da laifin komai sai ƙarancin shekaru, amma an liƙa masa suna, wani ma an ɗora shi kan ƙwaya. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. To a nan idon ya kuskure, kuma dubban yara ne abin ya shafa. Abin lura shi ne a Denmak, inda iyaye ke iya jinkirta shigar yaro makaranta idan sun ga bai kai ba, kuma ƙwararru ne kawai ke yanke wannan hukunci, bambancin watan haihuwa kaɗan ne ko ma babu. Wato kuskuren yana da magani.

Ga kuma kasuwa. Amurka da New Zealand ne kawai ƙasashen da suka sakar wa kamfanoni mara su tallata maganin da sai likita ya rubuta kai tsaye ga jama'a. An yi shekaru mujallun iyaye mata a Amurka na ɗauke da hoton yaro yana murmushi da sakamakon jarrabawa a hannu, a ƙasa ga sunan ƙwaya. Keith Conners, masanin da ya ƙirƙiro takardar tambayoyin da ake ba malamai da iyaye su cike, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana fafutukar a yarda larurar gaskiya ce, shi da kansa a 2013 ya ce yadda adadin ke hauhawa ya zama bala'i ga ƙasa. Bai ce babu larurar ba. Cewa ya yi an cusa yaran da ba nasu ba a cikinta.

Shi maganin fa? Yana aiki, wannan ba a ja. Babban gwajin da gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyinsa, mai yara 579 'yan shekara 7 zuwa 9, ya nuna a 1999 cewa bayan wata 14, waɗanda aka ba magani bisa kulawa ta sosai sun fi waɗanda aka yi wa horon ɗabi'a kaɗai samun sauƙin alamun. Amma da aka waiwaye su bayan shekara 3, tazarar ta ɓace, ko da yake a lokacin kowane gida ya riga ya koma bin abin da ya ga dama. Waɗanda suka daɗe suna sha kuma an ga tsayinsu ya ɗan tauye. Ƙwayar tana rage cin abinci, tana iya hana barci, tana ɗan ɗaga bugun zuciya. A ɗaya hannun, binciken da aka yi a Suwidin kan mutane sama da 25,000 ya nuna a 2012 cewa a watannin da suke shan magani, aikata laifi ya ragu da kashi 32 cikin 100 a maza, 41 a mata. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a 2019 da 2021, ta ƙi sa maganin a jerin magungunan da ta ce wajibi ne kowace ƙasa ta tanada, bisa dalilin cewa hujjar amfaninsa na dogon lokaci ba ta gamsar da ita ba. Ga yara 'yan ƙasa da shekara 6, likitocin yara na Amurka da kansu sun ce a fara da koya wa iyaye dabarun tarbiyya kafin a yi zancen ƙwaya.

Akwai kuskure ɗaya da ya kamata a kashe shi. Wasu na cewa a ba yaro maganin a gani, in ya natsu to yana da larurar. Tun 1978 likita Judith Rapoport ta ba yara maza lafiyayyu irin wannan ƙwaya, su ma suka rage motsi, hankalinsu ya ƙara tsayawa. Natsuwar yaro bayan ya sha ba ta tabbatar da komai.

To mu a nan ina muka tsaya? Matsalarmu kishiyar ta Amurka ce. Can suna gaggawar ba yaro suna da ƙwaya, mu kuma muna gaggawar ba shi suna da bulala. Mara ji, mai taurin kai, gagararre, daƙiƙi. A ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a ƙara dorina. In duka ya gaza a ce shafar aljanu ce ko sammu. Daga ƙarshe a cire shi daga makaranta, ko a tura shi wani gari a ce ko can zai yi hankali. Yarinya mace kuwa, wadda tata larurar sau da yawa ba ta zuwa da hayaniya, tana zaune shiru a bayan aji hankalinta na wani wuri, ba mai lura da ita sam, sai dai a ce kanta ba ya ja. Ko a Amurka, maza kashi 15 cikin 100 aka gano, mata kashi 8.

Sai dai kuma, kafin wani ya ɗauko takardar tambayoyin Amurka ya shiga ajinmu da ita, ya tsaya ya dubi abin da ke gabansa. Ajin da yara 100 ke zaune a ƙasa, ga zafi, ga malami ɗaya yana magana da harshen da yaron bai gama ji ba, wane ɗan shekara 6 ne zai natsu a ciki? Yaron da ya fito bai karya ba, ko jininsa ya yi ƙasa, ko ya kwana yana tari da minshari bai yi barcin kirki ba, hankalinsa ba zai tsaya ba. Wanda kunnensa ke zubar da ruwa ba ya jin malam, wanda idonsa ba ya ganin allo zai juya ya tsokani na kusa da shi. Akwai wata irin farfaɗiya da ba ta kayar da yaro, sai dai ya ƙura ido na 'yan daƙiƙu ya dawo, sau da yawa a yini, a ɗauka shashanci ne. Yaron da ya ga an kashe mutane a ƙauyensu, ya kwana a daji yana gudun 'yan bindiga, firgici kaɗai ya isa ya hana shi zama. Binciken da aka yi a Malawi da Yuganda ya nuna yaran da suka tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, wasunsu kan dawo da raunin hankali da rikicewar ɗabi'a. Bakwaini da wanda aka haifa da ƙarancin nauyi su ma sun fi shiga haɗari.

Sannan ga dalma. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake daka wa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Dubbai sun tsira da rai, kuma sananne ne a likitance cewa dalma, ko kaɗan ce a jini, tana rage kaifin ƙwaƙwalwa da iya tsayar da hankali. Yaron da ke zaune kusa da inda ake haƙar ma'adinai ko fasa tsofaffin batura, in ya zo da rashin natsuwa, gwajin jini yake buƙata tun kafin a yi zancen wani abu.

Duk waɗannan sai an kawar da su ɗaya bayan ɗaya kafin likitan kirki ya ce wannan larurar ce. Aiki ne na zama fiye da ɗaya, a ji ta bakin uwa, a ji ta bakin malamin boko da na allo, a duba kunne da ido da jini, a tambayi watan haihuwa da shekarun 'yan ajinsu. Mu kuwa likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya, kamar yadda ƙungiyarsu ta sha kokawa, ba su kai 300 ba ga mutane sama da miliyan 200, masu ƙwarewa a kan yara kuma 'yan tsiraru ne a cikinsu. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, mataki ne mai kyau, amma doka ba ta duba yaro. Ya kamata gwamnatocin jihohi su sa wannan darasi a kwalejojin horon malamai da makarantun koyon aikin jinya, domin malamin aji da ma'aikaciyar asibitin unguwa su ne za su fara ganin yaron.

Kirana ga iyaye da malamai shi ne wannan. In kuna da yaron da kuka yi shekaru kuna duka bai sauya ba, ku ajiye bulalar, domin da tana magani da tuni ya warke. Ku dawo da shi gaban aji kusa da malam. Ku riƙa ba shi umarni ɗaya a lokaci ɗaya, ku sa ya maimaita. Ku yanka masa aiki gutsure-gutsure, ku bar shi ya motsa tsakani, ko da share allo ne ko raba littattafai. Ku yabe shi nan take in ya yi daidai. Ku tabbatar ya ci ya ƙoshi, ya yi barci, a rage masa waya da daddare. Addu'a kuma a ci gaba da yi, ba ta hana zuwa asibiti. In abin ya ci tura, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano. Kada ku sayi ƙwaya a kemis don wani ya ce ta yi wa ɗansa aiki, wannan magani ne da dokar ƙasa da ƙasa ta sa wa takunkumi. In kuma likita ya dubi ɗanku minti biyar ya ɗauko biro zai rubuta, ku tambaye shi ko ya duba kunnen yaron da idonsa da jininsa, ko kuma ya ji ta bakin malaminsa. In bai yi ba, ku nemi wani likitan.